Taken Ƙi-inuwa a Bakin Lasifika

Na'inna makaɗin noma ne a Kebbe, ubansa ma haka, kakansa ma haka. Bai yi boko ba, karatun allo ma bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Tun yana saurayi aka rataya masa ganga aka tura shi bayan masu garma, a nan kuwa ya tsufa. Gajere ne, kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka saboda maratayi, kuma in ba ganga a jikinsa ba ya cika magana.

Kiɗansa ba na zama ba ne. In an kira gayya, manoma su jeru a bakin gona kowa da kuyyar da zai huɗa, shi yana biye da su yana kallon gadon bayansu. Daga saran garma yake ɗaukar kiɗa. In ya ga wani ya soma sanyi, sai ya matsa kusa da shi ya buga masa takensa, nan take ka ga mutum ya sake sabon jini. Kowane gwanin noma a ƙasar Kebbe da nasa taken. Na'inna ya riƙe arba'in da ɗaya a ka, wasu ya gada, wasu shi ya yi su.

Ubansa ya bar masa ƙa'ida biyu. Ta farko, ba a kiran mutum da ganga in ba ya iya amsawa, domin wanda ya ji takensa dole ya ɗauki garma, ko tuwo yake ci, ko a kwance yake. In bai tashi ba ya zubar da sunansa a gari. Ta biyu, in ka kira mutum, ba ka sauke gula, sandar kiɗa, sai ya kai ƙarshen kuyyarsa. Take kuwa tare da mai shi ake rufe shi, sai fa in ya bar ɗa namiji da ya isa ya ɗauka.

Cikin arba'in da ɗayan nan, wanda ya fi zama a hannun Na'inna shi ne na Maccido. Sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Maccido dogo ne mai faɗin baya, ana ce masa Ƙi-inuwa don in ana gayya ba ya zuwa gindin itace shan fura, sai matarsa Yelwa ta kai masa a tsaye cikin rana. Na'inna ne ya yi masa taken tun suna samari, abin da gangar take faɗi kuwa shi ne: Ƙi-inuwa na Yelwa, tashi, rana na jiranka. Shekara talatin yana bin bayan Maccido, har ya san tabon da ƙaya ta bar masa a ƙarƙashin kafaɗa.

Daminar da aka samu mulkin kai, ciwo ya kama Maccido a ƙirji. Ya soma da haki, daga baya ƙafafu suka kumbura har fatar tana sheƙi. An sha sassaƙe, an sha rubutu, an karɓo ƙwayoyi daga ɗakin magani, duk wanda ya duba shi abu ɗaya yake faɗi, kada ya yi aikin ƙarfi. 'Ya'yansa uku duk mata ne, surukai suka karɓi gonar da ke bayan gidansa, dab da kasuwa.

Wata rana da hantsi Na'inna ya je duba shi, ya tarar da shi a zaure an jingina shi da buhun gero, don in ya kwanta numfashi ba ya fita.

Maccido ya ce, "Makaɗa, ka rame. Wa kaka bi yanzu?"

"Yara nika bi. Su sari uku su dubi rana."

"Ai gara kai, kana ganin rana." Ya yi tari mai tsawo, ya tofa a kasko. "Zauna in gaya maka. Jiya na ji ka ga gonar gabas, iska ta kawo min. Da kaz zo kusa da nawa, sai nij ji ƙafata ta motsa da kanta."

"Ban buga shi ba."

"Na sani. Kada ka buga shi, Na'inna. Ka san ni, in nij ji shi sai na tashi. Ka aje shi har in warke, ko har a rufe ni."

Na'inna ya ce, "Na aje shi."

Damina biyu yana ajiye da shi. In hannunsa ya nufi wajen a gona, sai ya karkata ya shiga na wani.

A shekarun nan ne wasu mutane a Tambuwal suka kafa ƙungiya don tattara makaɗa da mawaƙa da masu rubuta waƙa na ƙasar. Akwai malaman makaranta a ciki, da wani tela, da dattawa biyu masu rubutun ajami. A zauren telan suke haɗuwa, shi ya sa mutane suka riƙa ce musu Zauren Fasihai. Abin da suke faɗi shi ne, tunda ƙasa ta dawo hannun masu ita, bai kamata a yi ta jin makaɗan birni a rediyo ba alhali na ƙauye suna mutuwa da abin da ke bakinsu. Magatakardansu Malam Abdulƙadiri, matashi ne mai haƙuri, a kan keke yake bin garuruwa da littafi a aljihu.

Da kaka ya zo Kebbe, ya kwana uku. Ya zauna gaban Na'inna a ƙasa, ya cire takalmi, yana ce masa Baba. Na'inna bai taɓa ganin mai wando da agogo ya zauna masa haka ba. Ya riƙa faɗa masa kalmomin take ɗaya bayan ɗaya, Malam yana rubutawa.

Malam ya ce, "Baba, kalmomi na rubuta, amma takarda ba ta ɗaukar ganga. Wa zai gaje ka?"

"Babu. Ɗana guda yana Kurmi wurin aikin koko."

"To, ka zo Tambuwal. Za mu yi taro bayan an gama sussuka. Mun samu aron rikoda, akwati ne mai ɗaukar sauti. Abin da ka buga zai zauna a ciki ko bayan ranmu."

Na'inna ya ce, "Shina zama ciki, ba ya fita?"

"Ba ya fita sai an buɗe."

"Awa rumbu ke nan."

Malam ya yi dariya ya ce, "Kamar rumbu, Baba."

Na'inna bai gaya masa zancen Maccido ba. Makaɗi ba ya faɗa wa baƙo cewa gwaninsa ya kwanta, ko da kowa a gari ya sani.

Kwana biyu ya yi a hanya, ganga a kan jaki. An yi taron a wani fili da la'asar, an kafa rumfar zana, an jera benci. Ya ga abin da bai taɓa gani ba. Wani tsoho makaho ya rera waƙar da ya tsara kan rijiyar garinsu, aka ce an buga ta da tafireta za a raba. Wani malami ya karanta labarin da ya rubuta, mutane suna ta dariya. Mata sun yi kiɗan ƙwarya, wani Bafulatani ya busa sarewa har fili ya yi tsit. Kowa in ya gama a kira sunansa da na garinsu, a ba shi hula.

Kusa da Na'inna akwai wani mai kalangun mahauta, Ɗangiwa, bakinsa ba ya hutawa. Ya dubi gangar ya ce, "Dattijo, wagga turmi ta ko ganga? In ka gama ka ara min in kai ma uwargida ta yi daka."

Na'inna ya ce, "Taka ma ai na ga ta yi kama da ƙashin da mahauta sunka jefo maka."

"Ashe kana magana. To, ina gonar da za ka yi ma kiɗa? Ko benci za su yi huɗa?"

Wasa ya yi, amma gaskiya ya faɗa. Da aka kira Na'inna, aka zaunar da shi a tabarma, aka kafa masa wani ƙarfe a gaban ganga, aka ce kada ya motsa daga nan don sauti ya shiga daidai. Malam ya raɗa masa cewa zaren da ya rage a rikoda kaɗan ne, ya zaɓi mafi kyau. Na'inna bai taɓa kiɗa a zaune ba. Ya ɗaga kai neman bayan mutum, sai fuskoki. Ya soma taken wani gwani, babu saran garma da zai bi, kiɗan ya fito a sake kamar na mai koyo. Ya bar shi ya kama wani, shi ma haka. Mutane suka fara hira. Ya ji Ɗangiwa yana cewa a kawo wa dattijo fartanya ko ya tuna. Ya ga Malam Abdulƙadiri, wanda ya yi ta yabonsa gaban jama'a, ya sunkuyar da kai.

Take ɗaya ne ba ya bukatar ganin mai shi kafin ya buga, don bayan nan yana cikin idonsa. Ya yi lissafi irin na makaɗi. Ganga in iska ta taimaka tana kai ƙauye na gaba, ba ta wuce nan. Tsakaninsa da zauren Maccido tafiyar kwana biyu ce. Akwatin kuwa rumbu ne. Kuma Maccido ba shi da ɗa namiji, ranar da aka rufe shi an rufe taken.

Ya rufe ido ya ɗaga gula.

Hira ta mutu. Wasu tsofaffin manoma a bayan fili suka miƙe tsaye ba su san sun miƙe ba. Na'inna yana bugawa yana faɗin kalmomin, yana ganin tabon ƙaya yana hawa yana sauka, har Malam ya taɓa masa gwiwa ya ce zare ya ƙare. Ɗangiwa ya cire hularsa ya ɗora masa a kan ganga, ya ce, "Na janye turmi, Baba."

Ya koma gida da hula biyu. Da ya je gaida Maccido, ya ba shi labarin makaho da mai sarewa da Ɗangiwa, har Maccido ya yi dariyar da ta tayar masa da tari. Da Maccido ya tambaye shi taken wa ya buga, sai ya ce, "Na mutanen da." Maccido bai ƙara tambaya ba.

Rani ya wuce, ruwa ya sauka. A Tambuwal 'yan Zauren Fasihai suka yi shawara mai kyau a ganinsu, kuma kowa ya ji ta zai ce mai kyau ce. Suka ce mutanen Tambuwal sun ji, amma mutanen garuruwan fasihan nan ba su ji nasu ba. Suka samu aron mota mai lasifika a kai, suka riƙa bin kasuwanni, Dogon Daji, Sanyinna, ko'ina su sa wa mutane ɗan garinsu. Malam ya so ya aiko wa Na'inna, sai ya ce a ransa bari dattijo ya ji kawai, daɗin zai fi.

Ranar kasuwar Kebbe, gero ya kai gwiwa, lokacin huɗa. Na'inna ya taso daga wata ƙaramar gayya da azahar, ganga a kafaɗa, ya tsaya wurin dukawa yana taya fatar akuya. Ya ji wani abu ya yi ƙara kamar an ja ƙarfe a dutse, sai murya ta cika kasuwa tana sallama, tana cewa jama'ar Kebbe ku saurari naku. Sannan ganga ta soma.

Ya dubi hannuwansa. Fatar akuya ce a cikinsu. Gula tana soke a ɗamararsa. Amma gangarsa ce, har da ɗan zizar tsarkiyar da ya ɗaure da kansa, da ƙarfin da ganga goma ba su yi. Ga muryarsa a sama da rumfuna tana cewa tashi, rana na jiranka.

Ya yar da fatar ya nufi motar. Tana can ƙarshen kasuwa wurin masu shanu, mutane sun yi mata zobe. Da suka gan shi suka ɗauki sowa, wannan ya riƙe masa hannu ya ɗaga, wancan ya manna masa goro a goshi. Yana cewa ku kashe, ku kashe, ba mai jin sa, don muryarsa ta lasifika ta danne ta bakinsa. Malam Abdulƙadiri yana tsaye a jikin mota yana yi masa murmushi.

Sai sowar ta soma mutuwa daga baya, daga wajen gidaje. Mutanen Kebbe sun san na wane ne, murna ce ta sa suka manta na ɗan lokaci. Na'inna ya juya.

Maccido ya fito daga zaure. Ba riga a jikinsa, ya ɗaura walki a kan cikin da ya kumbura, garma a kafaɗa. Ƙafafunsa ba su shiga takalmi, yana jan su a ƙasa. Yelwa tana biye da shi, ta riƙe gefen walkin tana cewa, "Maigida, don Allah. Don Allah, Maigida. Ba shi ba ne, ƙarfe ne." Bai waiwaye ta ba. Ya zaga bayan gida, ya tsaya a bakin gonarsa, ya ɗaga garma sama yadda ya saba, ya buɗe baki zai yi kirari, murya ba ta fito ba. Ya sunkuya ya kai sara.

Kasuwa ta watse ta koma bakin gona. Ba wanda ya taɓa shi. Mutumin da ke amsa takensa ba a riƙe shi, surukansa ma suna tsaye hannu a ka. Yana sara, yana juya ƙasa, yana jan ƙafa, ana jin hakinsa daga nesa. Ya kai wajen rabin kuyya.

A nan zaren rikoda ya ƙare, daidai inda Malam ya taɓa gwiwar Na'inna a Tambuwal. Lasifika ta yi shuu, ta yi shiru.

Maccido ya tsaya a sunkuye, ya dafa ƙotar garma. Ya juyo da kai a hankali yana neman mutum a cikin taro, har ya same shi.

Ya ce, "Makaɗa." Sai da ya nemi numfashi. "Ka kira ni. Ka bar ni tsakiya?"

Yelwa ta zo gaban Na'inna ta durƙusa. "Makaɗa, kada ka buga. Ka ce mai ya isa. Kai kaɗai yaka ji."

Na'inna ya dubi abin da ya rage na kuyyar, taku ashirin ko fi. Ya dubi bayan Maccido, ya rame har tabon ƙayar ya koma cikin rami. Ya san in ya yi shiru, za a ɗauke shi daga tsakiyar gona a gaban duk kasuwa, masu shanu da fatake da mutanen ƙauyuka, ya koma zaure ya zama Ƙi-inuwan da aka kira ya kasa. Ya kuma san abin da taku ashirin za su yi wa ƙirjin nan.

Ya ce, "Maccido, ka yafe min. Ni na buga shi ga Tambuwal."

"Na ji hannunka. Ba shi nika tambaya ba."

Na'inna ya zare gula. Ya ratsa gefen Yelwa ya shiga gona, ya tsaya a bayansa inda ya saba tsayawa. Bai buga da sauri ba. Ya jira garma ta sauka sannan ya bi ta, in ta daɗe ya ja kiɗan ya jira. Ba a taɓa jin taken nan a hankali haka ba. Wasu mata suka rufe fuska suka koma kasuwa. Malam Abdulƙadiri ya iso yana tambayar na kusa da shi me ke faruwa, da aka gaya masa ya zauna a ƙasa cikin taɓo.

Maccido ya kai ƙarshen kuyya. Ya kafa garma, ya zauna a gefenta cikin rana. Surukai suka zo za su kai shi gindin wata bishiyar bedi da ke kan iyaka, ya girgiza kai. Ya ce wa Na'inna, "Ta karkace?"

Na'inna ya duba. Ta karkace sosai daga rabi. Ya ce, "Kaɗan."

"Maƙaryaci."

A tabarma aka mayar da shi gida. Bai ƙara magana mai tsawo ba, ya cika washegari kafin azahar.

Malam Abdulƙadiri bai bi motar ba, ya zauna har aka yi addu'ar uku. Ya sami Na'inna a ƙofar gida, ya durƙusa, idonsa ja. Ya ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya min ba? Kalma ɗaya."

"Ba a faɗi, Malam."

"Ni na kawo motar."

"Kai ka kawo mota. Ni aka ba ajiya."

Malam ya ce 'yan ƙungiya sun aiko a tambaye shi, a bar taken a zare ko a cire. Ya ce shi ne mafi kyawun abin da suka ɗauka a ƙasar duka, amma yadda ya ce haka za a yi. Na'inna ya ce ba shi ke da shi ba, a tambayi Yelwa. Suka je, tana cikin takaba, ta yi magana daga bayan asabari. Ta ce, "Mai shi ya tafi, ba shi da ɗa. Ku kun san yadda aka yi." Ba ta ambaci sunan Na'inna ba, ba ta kuma ƙara ambatarsa ba har ta bar duniya.

Bayan mako biyu Malam ya dawo a keke da ɗan ƙunshi a takarda. Ya yanke wurin da reza. Zare ne siriri mai launin ƙasa, a naɗe bai cika tafin hannu ba. Na'inna ya juya shi, ya kai shi kunne, bai ji komai ba. Ya tafi gonar bayan gida, inda surukai suka huɗe ko'ina suka bar karkatacciyar kuyyar nan yadda take, ya tona ƙarshenta da gula ya binne shi.

Zauren Fasihai ya ci gaba har shekarar da soja suka karɓi mulki. Sun yi taro uku bayan wannan, sun buga waƙoƙin mutane da dama, kuma daga ranar ba su ƙara sa kiɗan kowa a kasuwa ba sai sun aika sun tambayi mai shi. Kowace shekara Malam yana aiko wa Na'inna takardar gayyata, a karanta masa, ya sa ta a cikin hula.

Na'inna ya gama daminar da Maccido ya rasu yana kiɗa, don an riga an kira gayyoyi da sunansa. Da aka yi girbi ya kwance fatar gangar, ya ba matarsa kangon tana zuba gyaɗa. Ya koma saƙar zana a bakin kasuwa. In motar lasifika ta shigo gari, ta masu allura ko ta wani sanarwa, sai ya naɗe gambarsa ya shiga gida har ta tafi. Ya rasu a shekarar babban fari, lokacin da ba a kira gayya ko ɗaya a Kebbe ba.